Ludayi Mai Koren Ƙyalle

An rufe layinmu na University Heights don shagalin unguwa, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni, ina kallon wata tsohuwa da ban taɓa gani ba. Ina jin 'yar Meziko ce: gajeriya, gashinta fari fat, yatsunta duk tabon wuƙa.

Ƙaton kwanon gilashi ne a gabanta. Tana fere abarba ko kallon wuƙar ba ta yi, tana matse lemun tsami biyu-biyu, tana zuba kankana da ƙanƙara har ruwan ya yi ja kamar zoɓo. Sai ta ɗaga kwalbar takila, giyar ƙasarsu, tana tsiyayawa daga sama siriri kamar zare, ko ɗigo bai fantsama ba.

Ƙishi nake ji, amma na gyara mayafina zan wuce.

“'Yata, tsaya,” in ji ta, da Turancinta mai gargada. Ta jawo wani jug daga ƙarƙashin tebur, an ɗaure wa ludayinsa koren ƙyalle. “Wannan naku ne. Tun kafin in buɗe kwalba na haɗa shi. Har wuƙarsa daban.”

Ikon Allah! Wa ya koya mata? Wata maƙwabciya ce, ko suruka mai salla? Ni da ba na shan komai a garin nan sai na karanta bayan kwalba, na karɓi kofin da ta zuba min na shanye.

Kafin in ce na gode har ta juya, tana leƙen taron, tana neman wani mayafin.