Sunan da Gwaggo Ba Ta Faɗa

Shekara ashirin na yi ina koyar da Turanci a Isa, kuma a duk harshen ban ga kalmomin da na raina kamar waɗanda mai ilimi ke fakewa a bayansu in bai gane abu ba. Akwai "vague", wato magana ba kai ba gindi. Akwai "ambiguous", magana mai harshen damo. Da jan biro nake rubuta wa ɗalibaina su a gefen takarda, ina jin kaina wani abu, har ranar da aka rubuta su a kan gwaggona.

Wani Bature ne ya zo Sabon Birni neman tarihin yaƙin Gobirawa da masu jihadi, aka ɗauke ni tafinta. Na kai shi Unguwar Lalle wurin gwaggo, yayar mahaifina, don ita ke riƙe da labarin kakan kakanmu, maharbin da ya ƙi miƙa wuya bayan an ci Alkalawa, babban birnin Gobirawa. Wasu maƙwabta kuwa cewa suke gudu ya yi. Gwaggo ta tsufa, burinta ɗaya, a sa gaskiyar a takarda kafin ta mutu.

Ta ba da labarin tsaf: rijiyar da ya tsare, kibiyar da ta same shi a cinya, jakin da ya ɗauko shi. Bature ya ce, mene ne sunansa?

"Mai sunan maigidana na," in ji ta.

Sau uku yana tambaya, sau uku tana ba shi wannan amsa. Auren zumunci aka yi mata, mijinta ya ci sunan kakan, kuma mace irin ta da ba ta kama sunan miji, yana raye ko yana kabari. Kowane yaro a garin ya san haka. Ni ma na san sunan. Amma Bature ya riga ya gargaɗe ni kada tafinta ya ƙara ko kalma, ni kuma sakarai, da 'yar kwat ɗina, na yi gum don a ce na waye. Shi bai tambayi dalili ba. Kaza ta kwana kan dami, ta tashi ta tafi.

Bayan shekara uku ya aiko da littafin. Layi huɗu aka ba gwaggo. An ce bayaninta "vague" ne, ba ta ma iya tuna sunan kakan ba. An ce matsayin mutumin a yaƙin "ambiguous" ne. Dubi wayon kalmomin nan! Ba su ce ta yi ƙarya ba, balle a yi musu. Ba su ce shi marubucin ne bai fahimta ba. Duhun kansa ya kwasa ya jibga wa tsohuwa, ya wanke hannu, aka ba shi digiri.

Na same ta tana tsince wake a faifai.

"Mi yac ce, ɗana? Ya rubuta bai gudu ba?"

Na yi niyyar yin irin ta masu ilimi, in ce ya ɗan taɓa batun. Na kasa. Na ce, "Gwaggo, cewa ya yi ba a sani ba. Wai kin mance sunan."

Ta aje faifan.

"Ni? Ni ka mance shi?"

Sai ta ɗaga kai ta faɗi sunan, sau ɗaya, da ƙarfi. Tun ranar da aka kai ta ɗaki bai fita bakinta ba. Ta rufe fuska da zane don kunya, ta ce, "To, kai mashi. Shi gyara."

Littafin an riga an buga shi. Daga ni sai akuyar da ke ɗaure a turke muka ji.