Fuskar Uwani a Kan Farin Yadi

Iyatu tela ce a unguwar Takur, kuma ita ta fara taron masu son littattafan zane a Dutse, ko da yake maza sun ga damar mantawa. Jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jigawa ta tara ƙawaye da 'yan uwa a zauren gidansu bayan babbar Sallah, aka yi musayar tsofaffin littattafai. Kafin a ankara, duk shekara har daga Ringim da Jahun ake ciko mota.

Al'adar taron ita ce a shimfiɗa farin yadi, kowa ya zana ɗan yanki na labarin Uwani, jarumar da suka ƙago mai korar ɓarayin shanu. Amma fuskar Uwani ta Iyatu ce. Gurbin ake bar mata, ta zo ta cike shi da idanu da wushiryar marigayiya yayarta.

Da shari'a ta zo, kwamitin taron ya kafa zana tsakanin maza da mata, yadin kuma ya zauna ɓangaren maza. Wa ya ce musu yadi namiji ne?

"Gwaggo, ki yi haƙuri, baɗi za mu gyara," in ji Misbahu, shugaban kwamitin.

"Bara ma haka ka ce, ɗan nan. Bakinka bai gaji ba?"

Ba ta fasa zuwa ba. Takan zauna gindin zana da alƙalaminta a jaka, tana leƙe. Mazan sun gwada fuskar sun kasa, shi ya sa tun daga lokacin ƙeyar Uwani kawai suke zanawa.