Ranar da Aka Cire wa Inna Zuma Biyunta

Mai waldan layinmu, Tsit ake ce masa, kuma wallahi ba a zalunce shi ba. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar shagonsa sai an kunna fitila a ciki. Amma magana? Matarsa ta rantse in aka tara duk kalmomin da ya faɗa tun aurensu ba za su cika kofin shayi ba. Ka gaishe shi, "uhm". Ka zage shi, "uhm".

To wannan bawan Allah, duk Asabar da yamma sai ya wanke hannu ya shige ɗakin bayan kemis, inda suke wasan nan na tebur. Mai kemis ke jan labari, kowa da mutumin da ya ƙirƙira, in za ka yi wani abu ka jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, shi zai ce ka yi nasara ko ka sha ƙasa. Telan layinmu ma yana ciki, mutuminsa jarumi ne mai takobi. Shi kuwa Tsit, duk girman nan nasa, tsohuwa ya zaɓa mai tallan fitilu, Inna Zuma.

Kada ku ce sakarci ne. Dokar teburin ta ce mace a rage mata maki biyu a ƙarfi, a ƙara mata biyu a daɗin baki. Shekara da shekaru Tsit bai taɓa buɗe baki ba. Jefawa kawai yake, a ƙara masa biyunsa, mai kemis ya ce, "Inna ta tsara sarkin aljanu har ya ba ta rawaninsa." Sai ka ga Tsit yana murmushi kamar shi ya yi zancen. Nan ne kaɗai a duniya ake ce masa mai baki.

Kwatsam sai ga 'yar yayar mai kemis, nas ce, ta ja kujera ta ce jaruma take so mai guduma.

"Za a rage mata biyu fa," in ji mai kemis.

"Kawu, a kan me? Wasan da doki ke tashi sama, a nan ne kuka tuna mace ba ta da ƙarfi?"

Tela ya ƙyalƙyale da dariya. Mai kemis ya sosa ƙeya ya ce, "Shi ke nan. Daga Asabar mai zuwa ba ragi. Amma fa ba ƙari."

Jama'a, ku zo ku ga Tsit a makon nan! Zama ya gagare shi. Ya shiga shago, ya fito, ya koma. Ya haɗa wa wani ƙofa a kife, ya bi ta da fenti. Kemis kuwa ya yi ta sintiri, ya tsaya a kanta, bakin ya ƙi buɗuwa, sai ya nuna maganin ciwon kai ya saya. An ce wanda ya tara zai ishi asibiti guda. Har gun nas ya je, ya tsaya a kanta yana murza hula.

"Baba Tsit, lafiya? Allura ce?"

"Uhm-uhm."

Ya juya ya tafi.

Asabar ta zo. Labari ya kai su ƙofar wani birni, mai gadi ya ce ba mai shiga. Tsit ya jefa. Goma. Sha biyu ake nema.

"Da a da ne ta wuce," in ji Tela. "Inna, baki ya mutu ke nan?"

Nas ta naɗe hannun riga. "Ku matsa in fasa ƙofar."

"Tsaya," in ji mai kemis. "Tsit, ni ne mai gadin. In Inna na da abin faɗa, ta faɗa da bakinta, in ji."

Tsit ya miƙe. Ya zauna. Ya sake miƙewa, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Can sai wata siririyar murya ta fito daga wannan ƙirji:

"Kai ɗan nan, ni za ka tsare a rana? Ji ƙafarka, ko mai ba ka shafa ba! Ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi unguwa, ka jiƙa min zane. Buɗe min, kafin in faɗa wa mutane sauran!"

Mai kemis ya zabura tsaye har kujera ta faɗi. "Yi haƙuri, Inna!"

Ai dole. Gida ɗaya suka tashi da Tsit, muryar marigayiya mahaifiyar Tsit ce tsaf, har da jan hancin. Kuma maganar zanen ba ƙage ba ce.

Tela ya sulale ƙarƙashin tebur yana riƙe ciki. Ƙofar birni ta buɗe. Nas ta yi tsaki. "Mako guda ina jiran in gwada gudumar nan!"

"Ki fasa ta gaba, 'yar nan," in ji Inna Zuma. "Ki kuma gyara zama."

Da ya koma gida matarsa ta ce, "Yaya wasan?"

Ya ce, "Uhm." Sannan ya ƙara da, "Mun shiga."

Matar ta leƙa waje ta ga ko baƙo ya zo da shi ya yi maganar.