Macijiyar Baba da Kusun da Nake Wankewa

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, yayana ya ɗauko shi daga Mandera ya kawo shi gidana a Bodinga, don ni ce kusa da asibiti. Kayansa duka ba su wuce buhu ɗaya ba, sai wani akwatin katako mai raga a sama, wanda ya rungume da hannunsa mai lafiya tun daga ƙauye har ƙofar ɗakina. Ina ganin akwatin na san abin da ke ciki, na ce, "Inna lillahi! Yaya, har da wannan kuka kwaso mini?"

Baba mai wasa da macizai ne tun kafin a haife ni. Babu ranar kasuwar Shagari da ba a ganin shi da taron mutane kewaye da shi. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai ya rabar da manyan masu dafi ga abokan sana'arsa, ya bar guda ɗaya: wata 'yar siririyar macijiya mai zane biyu a baya, irin ta bakin fadama, wadda ba ta da dafi. Ba ta wasa, ba ta kawo komai. Ajiye ta kawai yake yi, yana mata magana kamar mutum.

Ni kuwa duk cikin 'ya'yansa babu mai ƙyanƙyami kamata. Ko ƙadangare ya bi ta kan tabarmata sai na wanke ta. Maigidana dariya kawai ya yi, ya ce tunda ba ta cizo a bar wa tsoho abarsa. To, ya zan yi? Aka ajiye akwatin kusa da kan gadon Baba.

Abincinta kwaɗi ne, ƙanana, sau ɗaya a mako. Muddin tafkuna na da ruwa ba mu da matsala, yayana yakan kawo su a gwangwani in ya shigo da albasa. Da rani ya yi nisa, ruwa ya janye, kwaɗi suka ɓace kamar an share su. Yayana ya bi lambunan Kajiji ya dawo da kwaɗo ɗaya tak, ƙato, wanda ya fi ƙarfin bakinta.

Baba ya ce ba komai, za a koya mata cin kusu, wato ɓera, shi kam ba ya yankewa a ƙasar da ake da rumbu. Bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar, amma ya yi mini bayani dalla-dalla. Kada a kashe kwaɗon, a sa shi cikin tulu da ɗan ruwa. A samo ƙaramin kusu na tarko, ba wanda ya ci guba ba. A goga shi sosai a jikin kwaɗon har ya ɗauki warinsa, sannan a ajiye mata. "Da halshe take gane abinci, ɗiyata," in ji shi. "In taj ji kwaɗo, za ta haɗiye."

Haka na riƙa yi a bayan madafa, hannuna cikin leda, ina kau da kai ina tofar da yawu. In kai mata, ta fito da harshe ta ɗan taɓa, ta juya ta koma lungunta. Mako ɗaya, biyu, har aka shiga na shida. Fatarta ta fara tattarewa a gefe, ƙashin bayanta ya fito. Kullum da safe in na shigo da kunu, kafin ma in gaishe shi, tambayar Baba ɗaya ce: "Tac ci?" In ce, "Ba ta ci ba, Baba." Sai ya juya fuska bango. Wallahi na fi jin zafin juyawar nan fiye da wankin kayan jinyarsa.

Yayana ya fara gajiya. Ya ja ni gefe ya ce, "Ke, abin nan mutuwa za ta yi mana a ɗaki. Bari in kai ta bakin dam in sake ta, mu ce masa ta gudu." Na harare shi na ce, "Yaya, mutumin da ya rasa ƙafa da hannu da gidansa, ita ma za ka raba shi da ita da ƙarya? Ba a gidana ba." Na faɗa da ƙarfi, amma a raina na san idan ta mutu a hannuna ban san da wane ido zan dubi Baba ba.

Wata ranar Laraba da hantsi Baba ya ce a fito da shi inuwar dogon yaro, yana son ya ga yadda nake yi. Muka shimfiɗa masa tabarma, muka jingina shi da matashi. Na ciro kwaɗon daga tulu, na goga kusun a bayansa da cikinsa yadda ya koya mini, na mayar da kwaɗon cikin tulu. Sai na jawo buta na ɗauraye kusun tas, na yarfe ruwan, na miƙe zan kai mata.

Baba ya buga tabarma da tafin hannunsa. "Mi kika yi?"

"Na wanke shi mana, Baba."

"Kullum haka kike yi?"

"To, a ba wani nama ba a wanke ba? Ga yauƙi duk ya ɓata shi."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Yauƙin nan shi ne dukan dabarar, ni kuma mako shida ina wanke shi da hannuna. Ban taɓa ɗora nama a tukunya ban ɗauraye ba, hannuna ne ke yi ba tare da ya tambaye ni ba. Kunya ta rufe ni, na tsuguna a wurin ina kuka, ina cewa, "Ni ce na kusa kashe maka ita." Baba kuwa dariya yake yi da rabin bakinsa har yana tari, yana cewa, "Kai, tsabta! Kai, wannan ɗiya!"

Ya ce in cire ledar ma, warin sabulu da barkono duk yana jikinta. Na cire. Na kama kwaɗon nan da hannuna tsirara, sanyinsa har cikin kaina, na goga kusun har ya jiƙe sharaf. Maigidana ya fito da akwatin ya ajiye gaban Baba. Na sa mata a bakin lungu muka zuba ido.

Ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta zaro harshe, ta matso, ta bi jikinsa daga wutsiya zuwa kai. Sai ta buɗe baki ta kama kan. A hankali take jan shi, gefe ɗaya sannan ɗayan, har wutsiyar ta shige. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Baba ya jira sai da ta koma lungunta da ƙullutu a ciki. Sannan ya sa hannunsa mai lafiya ya turo akwatin a kan tabarma, kaɗan-kaɗan, har ya taɓa gwiwata.

Na ce, "Bari in mayar maka da ita ɗaki."

Ya girgiza kai. "Ɗakinki za ki kai ta. Ni dai ina son in ga ta ci a hannun wani kafin in tafi."

Na buɗe baki zan ce masa ya daina irin wannan magana, na ga ba wasa a idonsa. Na ɗauki akwatin da hannu biyu na kai ɗakina.