Ranar da Malam Ya Kashe Motarsa

Shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka koro mutanen Mubi, suka cika Jimeta da ƙunshin kayansu, ƙanwata ta iso gidanmu a unguwar Gwadabawa, daga ita sai zanin jikinta da ciwon asma. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta muku wannan a wayarta. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, direba ne. Tsohuwar bas gare shi, yana jigila tsakanin Jimeta da Girei. Motar tana da halinta. Da safe takan tashi lafiya, amma in ta yi zafi aka kashe ta, sai da turi. Don haka Malam ba ya kashe ta. A tasha a kunne take, a layin sojoji na bakin gada ma a kunne. In ya dawo daga sallar asuba sai ya tayar da ita a tsakar gida, ya zauna yana shan kununsa, ita kuma tana ta aman baƙin hayaƙi. In na ce wankina ya yi baƙi, sai ya ce, "Hajiya, ke ma ba kya magana sai kin sha shayi. Bar inji ya ɗumama." Duk direbobin tasha haka suke, a wurinsu hayaƙi iska ce ke kwashe shi.

Ƙanwata ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Baƙuwa ce, kunya ta hana ta. Sai ta toshe baki da mayafi ta yi tarinta a ɗaki. Akwai wasa tsakaninsu, shi yana kiranta amaryarsa, ita tana ce masa Hamma, wato Yaya, mai akwala.

Wata rana bayan la'asar labari ya bazu cewa 'yan bindigar nan sun doso Girei. Unguwa ta rikice. Malam ya shigo da motar da zafinta, ya juya hancinta ya fuskanci ƙofa, ya rufe gida. Layinmu ya cushe da keke da masu gudu, babu hanyar fita. Ya ce mu loda kaya mu jira a samu hanya, motar kuma ya bar ta a kunne.

Katangarmu doguwa ce, ga shi ranar ko ganye ba ya motsi. Hayaƙin ya rasa mafita, ya cika tsakar gida, ya bi mu har ɗakuna. Ina ɗaure tukwane sai na ji wani fito kamar na buta a kan wuta. Na waiga, ga ƙanwata durƙushe a gindin randa, ta dafe ƙirji, leɓenta ya sauya launi. Maganin da take shaƙa ya ƙare tun a hanya.

Na je tagar direba na ce, "Malam, kashe motar nan."

Ya ce, "Hajiya, kin san halinta. In na kashe, mun zauna ke nan."

Na ce, "To dubi amaryarka."

Ya leƙo ya dube ta. Ya murɗa makulli. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinta da hayaniyar waje. Ya sauko, ya ɗauki faifai, ya durƙusa yana yi mata fifita.

Tsoro ya kama ni, ni da na ba da umarnin. Na ce, "In sun iso fa?"

Ya ce, "Ku biyu ku tura, ni ina kan sitiyari."

Ƙanwata ta ɗago da kyar ta ce, "Hamma, amarya ba ta tura akwala."

Ya ce, "Alhamdulillahi, baki ya dawo."

Ba su zo ba, ashe jita-jita ce. Kafin magariba ƙirjinta ya saki, washegari ya samo mata magani.

Daga ranar bai sake tayar da motar a cikin gida ba. Kowace safiya sai maƙwabta sun taya mu tura ta zuwa bakin layi, ni ma ina ciki, ɗankwali a karkace, ina haki, matan unguwa suna dariya. Amma kada ku ce ya yarda hayaƙi yana cutarwa. Har ya bar duniya yana cewa ƙirjin amaryarsa ne mai shagwaɓa, kuma a tasha bai fasa barin inji a kunne ba.

Yanzu in mai keke napep ya tsaya a ƙofarmu yana jiran fasinja, inji na ta kuka, nakan fita in roƙe shi ya kashe. Wani ya kashe, wani ya ce, "Dada, batirin ne ba kyau." Ba na jin haushinsu. Na zauna da irinsu, na san tsoron da ke hana hannu kai wa makulli.

Ƙanwata, da ta koma Mubi bayan ƙura ta lafa, ta zo taya ni takaba, ba ta koma ba, muna tare har yau. Kwanan baya muna tsince shinkafa ta ce min, "Adda, kin san ranar nan ko mun so ba za mu iya tura motar ba? Ƙofarku tudu ce."

Na sani. Shi da ya yi shekaru yana hawa tudun nan da giya ɗaya ya fi mu sani, kuma ya kashe.