Muryar Inna Asabe a gefen fim

Wa bai san Kawu Sule Mai Majigi da gwangwanin fim ɗinsa ba? Kullum da hantsi yana bakin kanal ɗin ruwan noman rani a Kura, ya ɗaga zaren fim sama yana kallon rana ta cikinsa. Ba hotunan yake duba ba, wani siririn layi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe a gefe. Wai wannan layin shi ne murya: fitilar majigi ta haska shi, hasken ya koma magana.

Muryar matarsa ce, Inna Asabe. Tun yana yawon nuna majigi a ƙauyuka aka ɗauki fim ɗin matan da ke tsinkar tumatir a Kadawa, har da ita. Da ta rasu, abin da ya rage masa ke nan.

Amma ya kunna mu ji? Ina!

"Duk sakawa ɗaya sai ta kankare muryar," in ji shi. "Ni ba na almubazzaranci da matata."

Na ce, "Kawu, saka sau ɗaya mana, in ɗauka a waya."

"Nuna min muryar a cikin wayar."

"Ai ba a gani."

"To riƙe abarka. Tawa ina ganinta."

Saboda zafi, gindin randa ya ajiye gwangwanin, ya kuma hana kowa shan ruwa a wurin. Shekara nawa muna roƙon ruwa a maƙwabta!

Ya taɓa nuna min cewa a jikin fim murya tana gaba, hotonta yana baya. "Haka Asabe take," ya ce. "Muryarta ke riga ta shigowa gida."

Bara idonsa ya mutu, layin ya ɓace masa. Ran nan bayan azahar ya ce mu rufe taga da zani, ya ɗaura fim ɗin a majigi da lalube. Mun zaci waƙa za mu ji. Sai ga Inna ta daka tsawa: "Kai, ku matsa min daga kan tumatir!"

Muka tuntsire da dariya. Da na waiga, hawaye ne ke bin gemun Kawu.

"A sake sakawa," ya ce. "Yanzu kuma wa nake ajiye wa?"

Sau tara muka saka. Bai daɗe ba shi ma ya rasu. Wallahi ina kewarsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa muryar Inna ce ta tarye shi tun daga ƙofa.