Baban Titi Mai Haɗa Ƙafa, Baƙon Shekara Talatin da Biyar

Ƙarfe bakwai saura kwata na kowace safiya, dukawan Ƙofar Dumi sukan ji tarin wani tsohon babur yana fitowa daga lungu. Ba sai sun ɗaga kai daga ɗinki ba, sun san Baban Titi ne zai tafi aiki. Yakan tsaya a rumfar maƙwabcinsa Malam Mansir ya karɓi ɗaurin fatar da aka yanka masa. Ya tambayi Malam ya gwiwa, Malam ya tambaye shi ya ido, kowa ya ce da sauƙi, alhali su biyun sun san ba sauƙin. Daga nan sai asibiti, can baya kusa da wurin wanki, inda yake da ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Kafin ya kafe babur benci ya cika: masu sanda, masu keken guragu, da iyaye mata goye da yaran da tuni suka wuce goyo. Sai ya gaisa da kowa tukuna, sannan ya durƙusa gaban na farko, ya ɗauki dungulmin ƙafarsa ya ɗora a cinya kamar wanda aka miƙa wa jariri.

Sunansa Kayode Akinwale, mutumin Ogbomosho. Aikinsa haɗa ƙafar roba ga wanda aka yanke wa ƙafa, da takalmin ƙarfe ga yaran da shan-inna ta shanye. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Wannan jinjina ce gare shi, amma mai karatu ya yi haƙuri, ba mai daɗin ji ba ce. Babu yadda za a yabi mutumin nan ba tare da mu mutanen Bauchi mun sunkuyar da kai ba.

Bautar ƙasa ce ta fara kawo shi garin nan, yana saurayi, ko "sannu" bai iya ba. A shekarar ne aka kawo wani direban babbar mota mai suna Jalo, wanda yake ɗauko hatsi zuwa Kasuwar Muda Lawal. Motarsa ta kife, aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Jalo ya juya fuskarsa ga bango ya daina cin abinci. Kayode ba shi da kayan aiki a lokacin, kuma karatunsa bai kai ya haɗa ƙafa shi kaɗai ba. Ranar da zai bar gari ya tsaya a bakin gadon, ya sa wata ma'aikaciyar jinya, Sista Christiana, ta yi masa tafinta.

"Gaya masa zan koma Legas in ƙaro ilimi. In na gama zan dawo in yi masa ƙafa."

Jalo bai ko juyo ba. Ya ce, "Sista, ce masa ya sauka lafiya. Duk haka suke cewa."

Shekara biyu ya yi yana ƙarin karatu, ya fito na ɗaya a ajinsu. Takardun ɗaukar aiki biyu suka same shi a mako guda. Ɗaya daga wani babban asibiti a Legas, har da gidan zama. Ɗaya daga Saudiyya. Daga Bauchi kuwa ba wanda ya rubuto masa komai. A lokacin an sa ranar aurensa da Folake, malamar makaranta, wadda ta riga ta fara tambayar inda za su kafa gida su haifi 'ya'yansu. Ta shimfiɗa takardun biyu a kan tebur ta ce ya zaɓa, duk wadda ya ɗauka ta yarda. Sai ya ba ta labarin Jalo.

Folake ta ce, "Saboda mutum ɗaya, Kayode? Mutumin da ko kallonka bai yi ba?"

"Ba shi kaɗai ba ne. A Legas in ban je ba wani zai je. A can kuwa in ban je ba, ba kowa."

"To shekara nawa?"

"Biyu. Da na koya wa wani aikin sai mu dawo gida."

Ta yarda da shekara biyu. Suka kama haya a Ƙofar Dumi, jikin gidan Malam Mansir, su kaɗai ne Kirista a lungun. Ya tarar da Jalo a tashar mota yana jan jiki da sanda yana kiran lodi. Bayan wata biyu Jalo ya taka da ƙafafu biyu daga ƙofar asibiti har Muda Lawal, 'yan kasuwa suna barin rumfunansu suna bin sa a baya. Yau shekarunsa sun haura sittin, yana da rumfar hatsi da 'ya'ya tara, kuma ƙafa ta shida ke nan da Baban Titi ya haɗa masa.

Sista Christiana, wadda tuni ta yi ritaya, ta ce abin da ba za ta manta ba shi ne yadda mutane suka riƙa dawo masa da ƙafafun farko da ya haɗa. Suna tafiya da su lafiya lau, amma in lokacin salla ya yi sai sun kwance su, domin idon sawun ba ya lanƙwasuwa. Da ya gane haka sai ya je wurin Malam Mansir ya ce, "Malam, nuna mini yadda kuke zama a salla." Malam ya shimfiɗa buzu ya zauna zaman tahiya, shi kuma yana tsugune yana aunawa yana zanawa a takarda. Wata huɗu yana gwaji yana zubarwa kafin ya samo ƙafar da mutum zai yi sujada da ita ya zauna ya tashi. Da kayan aiki suka daina zuwa daga waje, bai rufe ɗaki ya ce ba kaya ba. Maƙeran unguwa suka riƙa lanƙwasa masa ƙarfe, dukawa suna yanka masa maɗauri, tafin ƙafa kuma ya koma yankowa daga tsohuwar tayar mota, domin manomi ya shiga laka da ita ba ta lalace ba.

Kai ne, Baban Titi, wanda ya durƙusa gaban mutanen da 'yan'uwansu ma suke kau da kai daga rauninsu. Kai ne ka sa aka ɗaura auren 'yan matan da aka riga aka yanke wa ƙauna. Kullum aka kira ka likita sai ka ce kai ba likita ba ne, kafinta ne kawai. Mu dai mun san abin da muka gani.

To amma me zaman ya jawo masa?

Titilayo, 'yarsu tilo, tana goye lokacin da rikici ya ɓarke a gari. Da rana tsaka Malam Mansir ya fasa katangar zana da ke tsakaninsu ya shigar da su ɗakin matarsa, ya ɗauko tabarma ya zauna a ƙofar zaure. Kwana uku bai matsa ba. Da ƙura ta lafa, motoci suka riƙa cika da 'yan kudu masu komawa gida. Folake ta haɗa kaya ta zauna a kan akwati.

Ta ce, "Baba Titi, shekara biyun ta wuce. Ni ban ce mutanen nan ba su da kirki ba, ga Malam nan ya sayar da ransa dominmu. Amma ba zan raini 'yata a inda sai an ɓoye ta ba."

Ya ce, "Mama Titi, mutum goma sha ɗaya aka yanke wa ƙafa a makon nan. In gama da su tukuna."

Ta kwance kayan. Ba ta sake ɗaga maganar da ƙarfi ba, sai dai akwatin nan bai taɓa komawa saman kwaba ba, yana nan bayan ƙofa har ƙarshen rayuwarta.

Titi ta tashi 'yar Bauchi sak. Hausarta ta fi Yarbancinta nesa ba kusa ba, tuwon masara da miyar kuka ta sani, kuma tun tana sakandare take cewa aikin babanta za ta yi, a ɗakin babanta. Ta ci jarrabawa da kyau. Da aka zo neman gurbin karatu da jiha take ɗaukar nauyi, aka ce ta kawo takardar shaidar 'yar asalin jiha. Uban ya sa rigarsa mai kyau ya raka ta ofishin. Ma'aikacin da ke kan tebur ya miƙe tsaye da ganinsa, domin mahaifiyarsa da ƙafar Baban Titi take tafiya. Ya ba su kujera, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, in da a hannuna ne da tuni na sa hannu. Amma ka san ku baƙi ne."

Titi ta ce, "Yallaɓai, a asibitin garin nan aka haife ni. Baƙuwa daga ina?"

A kan babur suna komawa gida ba ta yi kuka ba, abu ɗaya kawai ta faɗa a bayan kunnen uban: "Baba, me ya sa ka haife ni a inda ba a san da ni ba?" Ta tafi kudu ta yi karatun, inda 'yan ajinsu suke kiran ta Bahaushiya. Da ta gama ba ta zauna a can ba, ba ta dawo nan ba. Yau tana Kanada tana gyara gaɓoɓin mutanen wata ƙasa, 'ya'yanta biyu ba su taɓa ganin Ƙofar Dumi ba.

Wanda zai gaje shi ma bai samu ba. Mutum huɗu ya koya wa aikin tun daga awo har gogewa, dukkansu 'yan jihar nan, kuma duk sun tafi. Na ƙarshensu, Abdulsalam, wanda ya fi sa rai a kansa, ya zo ya durƙusa ya ce ya samu aiki a Abuja. "Baba, ka yafe mini. Ina kallon yadda ka ƙare, ni ina da iyali." Baban Titi ya sa masa albarka, har ya ba shi magagarinsa na goge ƙafa mafi kyau. Ranar bai ci abincin rana ba.

Shekara huɗu da suka wuce Folake ta kwanta ciwo. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne ta riƙe hannunsa ta ce, "A raye ba ka kai ni gida ba. In na mutu ka kai ni." Da ta rasu ya kai ta. A Ogbomosho ya tarar filin da suka ce za su gina ya zama daji, sa'anninsa sun mutu ko sun watse, yaran dangi suna tambayar wane ne wannan tsohon mai gaisuwa kamar Bahaushe. Kwana tara ya yi ya hau mota ya dawo. Malam Mansir ya ce da ya ji tarin babur ɗin nan da safe, sai da ya shiga ɗaki ya share hawaye kafin ya fito ya ba shi fata.

Yanzu idon dama ya kusa rufewa, hannun ma ya fara rawa in ya riƙe zarto. Shekara talatin da biyar takardar kwantiragi ake sabunta masa, kamar wanda ya zo jiya. An riga an sanar da shi cewa in ya miƙa mabuɗi, ɗakin zai koma wurin ajiye tsofaffin gadaje. Titi ta aiko masa da takardun tafiya, kuma wannan karon bai ce a jira ya gama da kowa ba.

Makon jiya Jalo ya je a ɗaure masa maɗaurin da ya saki. Yana zaune a benci, Baban Titi yana durƙushe a gabansa yana laluben ramin ƙusa da yatsa saboda ido ba ya gani, sai Jalo ya kasa daurewa.

"Baban Titi, tsakaninka da Allah. In da za a mayar da kai ranar da takardun nan biyu suke gabanka, za ka sake zuwa Bauchi?"

Jalo yana jira ya ji ya ce e, mu ma da muke ba da labarin mun so a ce e ɗin ya faɗa.

Ya ce, "Ban sani ba, Jalo. Ƙafarka dai ba na da-na-sanin ta. Amma matata shekara biyu ta ba ni, na cinye mata rayuwa gaba ɗaya. 'Yata kuma ba ta da garin da za ta ce nata ne. Ni na zaɓa, su suka ɗauka." Ya ja maɗaurin ya ɗaure. "Tashi ka taka in gani."

Mun gode, Baban Titi. Mun gode a madadin duk wanda ya tsaya a sahu da ƙafar da ka haɗa, da duk yaron da ya sauka daga bayan uwarsa ya tafi makaranta da kansa. Ka ba mu abin da ba mu roƙa ba, mu kuma muka hana 'yarka takarda guda ɗaya. Allah Ya saka maka, Ya sa ka sauka lafiya, Ya ba ka haƙurin sanyin ƙasar da za ka.

Ku kuma matasan da kuka gama karatu kuke auna inda za ku kafa gida, ba za mu ɓoye muku ba, abin da ya same shi ke nan. Duk da haka muna roƙon ku: ko mutum ɗaya a cikinku ya yi irin tasa, ya zauna inda in bai zauna ba babu kowa. Mu da za a zauna dominmu kuma, kada mu sake barin wanda ya zaɓe mu ya tsufa yana baƙo.

Ranar Litinin ɗin farko ta watan gobe mutane za su zo su cika bencin nan tun da sassafe, domin ba wanda ya gaya wa na ƙauye. Har yanzu ba a samu wanda zai fito ya faɗa musu su koma gida ba.